Daga injin niƙa zuwa waya: Handil nawa 'ya'yanki ke kamawa a rana?

  

Yau hirar tamu a kan kalma guda ce, wadda muka aro daga Turanci har ta zama 'yar gida, wato handil. Ki kasa kunne a gidanki daga safe zuwa dare, ki ƙirga sau nawa za ta fito. Yaro ya dawo daga ɗibar ruwa ya ce handil ɗin tuƙa-tuƙa ya yi lako-lako. 'Yar aike ta dawo da dawa ba a niƙa ba, wai an ari handil ɗin inji. Ke kanki kina ta laluben na injin taliya a bayan buhu. Da dare kuma budurwar gidan ta ce ƙawarta ta turo mata handil ɗinta na TikTok.

Ba rashin kalma ne ya sa muka yi aro ba. Fartanya da gatari suna da ƙota, bokiti da kofi suna da mariƙi. Sai dai ki lura da kayan aikin iyayenmu: taɓarya, muciya, dutsen niƙa, mazari. Duk ƙarfinsu daga damtsenki yake fitowa, kina tsayawa sun tsaya. Sababbin kayan kuwa sun zo da sunansu, sun kuma zo da wani ƙarfi wanda ba naki ba. Shi ya sa ƙota ba ta rama duka, amma handil yana ramawa.

Su Turawan ma kalma biyu gare su. Wanda ake riƙewa kawai shi ne handil, lanƙwasasshen ƙarfen da ake juyawa kuma suna ce masa kirank. Da wannan kalmar ta biyu suke kiran mutum mai bauɗaɗɗen ra'ayi, daga ita kuma suka samo abin da suke ce wa jariri mai rigima. Mu ma ai muna cewa wane murɗaɗɗen mutum ne. Mu dai muka ɗauki ɗaya muka yi mata kuɗin goro, ta rufe duka.

Abin da nake so mu yi yau shi ne mu bi waɗannan handil ɗin ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ya dace da hannun yaro, wanne ne kuma bai kamata ko kusa da shi ya je ba.

Na injin niƙa

Mu a Dawakin Tofa hatsi ne rayuwarmu. Kasuwar Dawanau, ɗaya daga manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, a ƙasarmu take. Daga Kwa zuwa Tumfafi, daga Ganduje zuwa Tattarawa da Jalli, da wuya ki shiga gari ki rasa jin ƙarar inji. Kuma wa ake aike niƙa? Yara, musamman 'yan mata.

Manyan injinan niƙa da na casa masu shan gas, irin waɗanda muke ce wa Lista, sun samo sunan ne daga kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila, ko da yake yawancin na yanzu ƙirar Indiya ne ko Sin. Da yawansu ba su da makunni irin na mota. Mai inji zai zura handil, ya danne wani ɗan ƙarfe da ke sassauta matsin iskar cikin injin, ya yi ta juyawa har babban faifan ƙarfen nan mai nauyi ya ɗauki gudu, sannan ya saki. Idan gudun ya isa, inji ya tashi. Idan bai isa ba, matsin ya fi ƙarfin mai juyawa, sai handil ya dawo baya da ƙarfin tsiya. Wani lokaci kuma inji ya tashi amma handil ya ƙi fita, ya yi ta wulwulawa tare da shi, ko ya fizge ya yi sama. Abin da yake samu a hanya shi ne wuyan hannu, haɓa, haƙora ko ido.

Wannan rauni tsoho ne. A farkon zamanin mota haka ake tayar da ita, da handil ta gaba, kuma direbobi sun sha karaya a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, har likitocin ƙashi suka raɗa wa karayar suna karayar direba, sunan da yake cikin littattafanmu har yau. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, bisa ƙirar wani injiniya mai suna Charles Kettering. Motoci sun rabu da handil, injinan ƙauyukanmu ba su rabu da shi ba.

Don haka doka ta farko: ɗanki kada ya tayar wa kowa inji. Yaran maza suna son a ce sun isa, mai inji kuma wani lokaci ya gaji, sai ya ce zo ka gwada ƙarfinka. Ki gaya masa tun daga gida cewa amsar ita ce Mama ta hana. Idan kuma maigida ko babban ɗanki ne sana'arsa ke nan, ki tuna masa ya jera babban yatsa tare da sauran yatsu, kada ya zagaye ƙarfen da shi, domin idan handil ya dawo ya suɓuce daga hannu maimakon ya tafi da yatsan. Ya kuma kawar da fuskarsa daga saitin handil, ya kori yara kafin ya fara.

Doka ta biyu ta 'yan mata ce, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Bayan inji ya tashi, haɗarin ya koma kan bel ɗin nan mai gudu, wanda a wurare da yawa ba shi da murfi. Yarinya ta sunkuya za ta tara gari ko ta kwashe markaɗe, iska ta kaɗa bakin hijabi, bel ya cafke. Kafin mai inji ya kai hannu ya kashe, hijabin ya shaƙe wuya, ko ya haɗa da kitso ya ɗaye fatar kai. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin taimakon gaggawa a Arewa ta san irin wannan, kuma ba abin da ido ke mantawa ba ne.

Ba na ce ta cire suturarta ba. Ki sa mata ƙaramin hijabi idan za ta niƙa, ko ki koya mata ta tattare babban ta ɗaure a ƙugu kafin ta shiga rumfar. Ta miƙa kwano, ta koma waje ta jira, mai inji ya miƙo mata. Mai goyo ma haka, domin bakin zani da majanyi duk abincin bel ne. Idan ku matan unguwa kuka haɗa baki kuka roƙi mai inji ya sa wa bel ɗin murfi na raga ko na langa-langa, zai yi, domin ku ne kasuwarsa.

In tsautsayi ya faɗa

A fara kashe inji, kada a ja yaro ana kokawa da ƙarfe. Idan jini na zuba, a samu tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Kada a zuba man birki, baƙin mai, toka, ƙasa ko gishiri. Waɗannan ba sa tsayar da jini, aiki kawai suke ƙara mana wajen wanke ciwon, su kuma jawo ruɓa.

Idan yatsa ya guntule ko fata ta ɗaye, kada a binne, kada a yar. A naɗe a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a tsoma ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, a tafi da shi. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Likita ne zai ce zai yi amfani ko ba zai yi ba. A kuma tambayi allurar tetanas.

Idan ana zaton karaya ce, a cire zobe da awarwaro tun kafin hannu ya kumbura. A tallafe hannun da kwali ko ɗan katako, a rataye shi a wuya da gyale, a nufi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Babban asibitin Dawakin Tofa yana kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Ƙashi na Dala ko wani babban asibiti a cikin birni. Wanda ake ganin za a yi wa aiki, a dakata da ba shi abinci da ruwa har likita ya gan shi.

Na san da yawa wurin mai ɗori ake fara zuwa, kuma a cikinsu akwai dattawan da suka gaji sana'ar. Amma ki riƙe wannan: hannun da ya karye yana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku, ɗaurin da ya yi daidai yau gobe ya zama matsi. Idan yatsun yaro suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko ya ce ba ya jin su, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa har ba ya barci, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Awanni kaɗan ne tsakanin hannun da za a ceta da wanda za a yanke. Ga shi kuma ƙashin yaro yana da wurin tsiro kusa da gaɓa, idan karaya ta bi ta nan aka ɗora ba daidai ba, hannun yana iya girma a karkace.

Na injin taliya

Wannan kam abokin arziki ne. Mata nawa ne suke sayen sabulu da littafin makaranta, suke zubin adashi, da kuɗin taliyar murji ba tare da sun fita ƙofar gida ba? Haka keken ɗinki na hannu, da ƙaramin injin markaɗe da ake ɗaurewa a jikin benci. Waɗannan ba sa dawowa baya, ƙarfinki kawai suke amfani da shi. Matsalarsu biyu ce.

Ta farko, yara suna ganinsa abin wasa. Ɗaya yana juyawa, ɗaya yana tura ƙulli da yatsa, sai ƙarafan murjin su kama. Maganin wannan mai sauƙi ne, domin handil ɗin injin taliya zarewa yake yi. Ko fitsari za ki zaga, ki zare shi ki tafi da shi. Inji ba handil ba ya cizo.

Ta biyu a jikinki take. Mace ta wuni tana murza kwano biyu ko uku na fulawa da hannu ɗaya, ga ɗaukar jariri, ga matsar wanki, sai ta fara jin zafi a gefen wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa. Jijiyoyin da ke motsa yatsan ne suka kumbura a cikin kubensu. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, shi ya yi bayanin ciwon a 1895, kuma ya fi kama mata, musamman masu jego. Ki gwada yanzu: ki lanƙwasa babban yatsa cikin tafin hannu, ki dunƙule sauran a kansa, ki karkata hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan kika ji zafi ya tsarga a gindin babban yatsan, to jikinki yana magana.

Ki ɗaure injin a kan abin da ya kai tsayin ƙugunki, ki daina murzawa a duƙe. Ki riƙa hutawa tsakanin kwaɓi da kwaɓi, ki juya injin ki canja hannu idan zai yiwu. Idan za ki ɗauki jariri, ki tallafo shi da tafin hannu da damtse, kada nauyinsa ya sauka a kan manyan yatsunki. Kuma don Allah a rage haɗiyar maganin ciwon jiki na kemis kullum safiya. Irin su diclofenac da ibuprofen suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, kuma ba su dace da mai juna biyu ba sai da izinin likita. Idan an yi sati biyu ana hutar da hannun bai lafa ba, a zo a duba.

Na tuƙa-tuƙa

Wannan shi ne handil ɗin da ya fi kowanne shan hannu a gari. Yawancin famfunan da ke ƙauyukanmu samfurin India Mark II ne ko danginsa, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da haɗin gwiwar UNICEF. An yi shi da ƙwari, amma ba a yi shi don lilo ba. Yara uku su rataya a jiki suna tsalle, sarƙar ciki ta gaji, famfo ya mutu, unguwa ta koma rijiya ko kududdufi. Ƙaramin da ya tsaya a ƙasa kuma handil ya sauko masa a ka ko ya daki haɓarsa, wani ya sa yatsa a inda ƙarfen ke haɗuwa ya datse shi. Ki koya musu: mai bugawa ɗaya, sauran su ja baya, a buga a hankali har ƙasa.

Akwai wani handil ɗin famfo da duk ɗalibin kiwon lafiya ya san labarinsa. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 600. A lokacin an ɗauka wari ne ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, ya gano yawancinsu famfo ɗaya suke sha, na titin Broad Street. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire handil ɗin famfon ranar 8 ga Satumba. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano mafarin abin: wata uwa ce ta wanke ƙunzugun jaririyarta mai gudawa, ta zuba ruwan a ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar, ya tsiyaya ciki.

Ki dubi wannan labari, ki dubi tsakar gidanki. Uwar nan ba mugunta ta yi ba, wanki ta yi kamar yadda kowace uwa ke yi. Ina kike zubar da ruwan wankin kashin yaro? Taku nawa ne tsakanin masai da rijiya? Masana tsabtar ruwa suna son a samu aƙalla mita 30. Mu da gidajenmu da gonakinmu suke manne da juna, wannan abin dubawa ne tun kafin a haƙa. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya ratsa jihohin Arewa, Kano tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Kada a yi wanki ko a yi wa yaro tsarki a kan dakalin famfo. Wanda ya dawo daga ɗibar ruwa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, domin hannu ɗari ne suka riga shi kama ƙarfen. Idan gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida. Na ƙunshi da ake samu a asibiti da kemis ya fi, a bi bayanin da ke jikinsa. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita 1, wato ledar fiya-wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin. A ci gaba da ba da nono, a nemi ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan kashin ya koma kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, babu jira.

Na kasko da na ƙofa

Yaron da ya fara tafiya duk abin da ya leƙo shi zai kama. Handil ɗin kaskon suya ko na tukunya idan ya leƙo waje daga kan risho ko gas, gayyata ce. Ki juya shi ciki, ki mai da hakan al'ada har hannunki ya riƙa yi ba tare da tunani ba. In an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi na randa ko famfo har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da makilin, ban da ƙwai, ban da manja, ban da fasa bororo.

Na ƙofa kuwa, ranar da ɗanki ya yi tsayin da zai murɗa shi, ranar ce ya kamata kalanzir, fetur, maganin feshi na gona da magungunanki su koma sama ko bayan kwaɗo. Kada a zuba ɗayansu a gorar lemo. Idan kuma akwai mai mura ko gudawa a gida, a riƙa goge handil ɗin banɗaki da ruwan omo ko na bilic.

Na gadon asibiti

Wannan namu ne, amma ku masu jinya kuka fi mu taɓa shi. A ƙafar gadon za ki ga ƙarfe ɗaya, biyu ko uku a naɗe. Ɗaya yana ɗaga kai, ɗaya yana ɗaga gwiwa, na ukun in akwai shi yana ɗaga gadon gaba ɗaya. Wani likitan tiyata ɗan Amurka, Willis Gatch, shi ya fito da irin wannan gado a 1909.

Ɗaga kan gado yana taimakon mai haki, da mai ciwon zuciya, da tsohon da za a ba kunu, domin kada ya shaƙe abinci ya bi hanyar numfashi. Amma akwai wanda ɗagawar za ta cutar: wanda ya yi haɗari ana zaton ya bugu a wuya ko gadon baya, wanda jininsa ya yi ƙasa, da wanda likita ya ce a bar shi a miƙe bayan tiyata. Saboda haka ki tambayi nas kafin ki juya. Ki duba kada robar ƙarin ruwa ko ta fitsari ta maƙale, ki tabbata yaro bai sa hannu a ƙarƙashi ba, ki juya a hankali kina kallon fuskar mara lafiya. In kin gama ki naɗe ƙarfen ciki, domin ƙaurin masu aikin dare ya sha wuya a hannunsa.

Na waya

Ga na ƙarshe, wanda ba ƙarfe ba ne. Direbobin manyan motoci a Amurka a shekarun 1970 suna hira da juna ta rediyon oba-oba, kowa da laƙabinsa, laƙabin nan suke kira handil. Yau sunan da mutum ke amfani da shi a TikTok, Instagram ko X shi ake kira haka. Sunan ya dace, domin da shi ake kamo mutum.

Wanda 'yarki ta ba handil ɗinta, ta ba shi hanyar yi mata sallama har cikin ɗaki, a lokacin da ke kina barci. Ba ki barin baƙo ya murɗa ƙofar ɗakinta, to wannan ma ƙofa ce. Ki san sunan da take amfani da shi, ki sa ta rufe shafin sai wanda ta amince. Kada ta sa hoton kayan makaranta ko na ƙofar gida. Kada ta tura wa kowa hoton da ba za ta so babanta ya gani ba, kada ta ba kowa lambobin sirri da banki ke turowa. Mafi muhimmanci, ki gaya mata cewa idan wani ya fara yi mata barazana, wurinki za ta fara zuwa, kuma za ki saurare ta kafin faɗa. Yarinyar da ke tsoron duka ita ce ke ɓoye abu har ya girma. Samarin gidan ma wannan magana ta shafe su.

A taƙaice

Ba za mu raba yara da aike ba, ba kuma za mu koma dutsen niƙa ba. Abin da za mu iya shi ne mu raba musu handil kashi uku, yadda ko ɗan shekara biyar zai riƙe. Akwai naka: na tuƙa-tuƙa, a hankali, mutum ɗaya. Akwai na sai da babba: na injin taliya, na keken ɗinki, na gadon asibiti, na waya. Akwai kuma wanda ba naka ba ne ko an roƙe ka: na injin niƙa da na kaskon da ke kan wuta.

Yau da daddare in an gama cin tuwo, ki tambaye su handil nawa kowa ya kama tun safe. Za ki sha dariya, za ki kuma ji abin da ba ki sani ba, wataƙila har da sunan wanda ke tayar wa mai inji injinsa. Daga nan sai ki ɗora nasiha. Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Wace irin dabara ake yi a garinku don kare yara a wurin niƙa? Ki rubuto mana a ƙasa domin wata ta ƙaru. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.